Ɓargon da Ɗan Gayu Yake Jira

Sai da Kafinta ya jefa kwalin sigarinsa a kwandon shara kafin ya shiga asibitin. Mutumin da ke suma in ya ga allura, shi aka ce ya zo ya ba da ɓargo. Ku ji zalunci!

Shekaru ba ya magana da yayansa, Ɗan Gayu, tun wata baƙar magana da suka yi ranar rasuwar mahaifiyarsu. Sai ga waya: ashe ciwon bayan da ke damun yayan kansar ɓargon ƙashi ce, mayeloma. Likita ta ce jikinsa da sauran ƙarfi, zai iya ɗaukar dashe bayan watanni na magani.

"Kai kaɗai ne jinina," in ji Ɗan Gayu, yana gyara gashin baki a madubi. "In ɓargonka ya lalace, to na tafi."

Kafinta ya bar taba. Duk mako shi ke kai Yaya allura, ya riƙe masa roba in amai ya zo, ya sha gori a kan ƙurar katakon da ke rigarsa. Amma tsoro na cinsa. Tarin nan da yake ɓoyewa fa? In aka gwada shi aka ce bai dace ba? Duk sanda ya tambayi ranar gwajin, sai matar Yaya ta hau gyaran filo.

Wata rana ya tarar da Yaya jone da na'ura, jini na fita ta hannu ɗaya yana komawa ta ɗayan.

"Wankin jini ne na manya, ba ka sani ba," in ji Yaya.

Da aka ba Ɗan Gayu wani magani mai ƙarfi kafin dashen, sai ya zube, ko madubi ya daina nema.

Ranar dashen, Kafinta ya naɗe hannun riga, ya runtse ido ya miƙa wa nas hannu. Ta kewaye shi, ta rataya wata 'yar jakar jini a saman gadon.

"Malam, sauke hannunka. Ƙwayoyin ɓargonsa ne da muka ɗiba a na'ura muka daskarar, su za mu mayar masa. Irin wannan dashen ba ya buƙatar kowa."

Ɗan Gayu ya buɗe ido ɗaya da ƙyar.

"Tsakani da Allah, da cewa na yi ka zo duba ni, da ka zo?"