Kukun Makaranta a Rumfar Tasha

Zuwaira, tun da kika shigo na ga ranki a ɓace. Wai an ce ki ba wani kamfani aron gwanin kwamfutar ma'aikatarku, su ma su aiko muku da nasu, ke kuwa tsoronki kada naku ya ɗanɗana daɗin can ya ƙi dawowa aikin gwamnati. Sha kununki kafin ya huce, in ba ki misali.

A wata makarantar kwana ta 'yan mata an yi wata kuku da ba ta taɓa barin ɗaliba ta kwana da yunwa ba. Ludayinta ba ya son kai, ta farkon layi da ta ƙarshe rabonsu ɗaya. Sai dai miyarta, Allah ya ba mu haƙuri, tsululu ce, in ka leƙa kana ganin fuskarka. To, ɗalibai ba su da wata tukunyar da za su gudu gare ta. A tashar motar garin kuma akwai wata mai tuwo, ƙamshin miyarta tun daga bakin titi yake tsayar da direbobi, amma duk ranar da aka ba ta girkin biki sai ta ji kunya, ko tuwon ya yi gudaji ko ya kasa. Da ƙyar aka shawo kan shugabar makarantar ta yarda kuku da mai tuwo su yi musayar murhu na zango ɗaya. Tana ta mita, wai wadda ta ga cinikin tasha ba za ta sake waiwayar hayaƙin makaranta ba.

Ranar farko kowaccensu ta ji jiki. Mai tuwo ta zuba wa manyan ɗalibai da ke gaban layi har da gyara, yadda ta saba yi wa direbobi, kafin a kai kan 'yan aji ɗaya ƙanzo kaɗai ya rage. Ta ga ƙanana tsaye da kwanoni, tausayi ya kama ta, ta share hawaye da gefen zane ta sake ɗora sanwa. Masu taya girki suka nuna mata awon ludayi, suka ce a nan sai an tuna da ƙananan da ke ƙarshen layi. Ita kuwa kuku ta tsuga ruwa a miya kamar kullum. Direbobi suka yi loma ɗaya, suka wanke hannu, suka koma rumfar maƙwabciya. Ba wanda ya zage ta, bencin da ya zama wayam ne ya yi mata faɗa. Daga nan ta daina ƙyashin daddawa, tana barin albasa ta soyu, ta kuma koma ɗanɗana miya kafin ta sauke, abin da rabonta da shi tun tana amarya. Zango ya ƙare, shugaba na zaman ɗar-ɗar, sai ga kuku a bakin ƙofa da ƙunshin daddawa. Kuku ta ce direba in ya ci ya wuce ke nan, yaran nan kuwa a gabanta suke girma. Ranar 'yan mata suka suɗe kwanoni har suna kiɗa da su don murna, shugaba da kanta ta aiko a ƙaro mata miya. Mai tuwo ma yanzu ita ke girkin manyan bukukuwan garin, ba ta ƙara jin kunya ba.

Don haka ki sake shi ya je, 'yata, benci wayam zai koya masa abin da ke ba za ki iya koya masa ba. Nasu kuma ki karɓe shi hannu biyu. Zai zuba gyara inda bai kamata ba, ki yi haƙuri ki nuna masa ƙarshen layi. Ai ba banza ba Hausawa suka ce, zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka ne.