Tabarma ta Bakwai

"Ku ja numfashi. Ku riƙe. To, ku sake shi a hankali, ba wuta kuke hurawa ba."

Mata bakwai masu ciki suka saki numfashi tare a inuwar dogon yaro, bayan gidan haihuwa na unguwa. Bibata ungozoma tana zagaya su, hannu a ƙugu. Wata baturiyar likita ce ta koya mata wannan miƙe-miƙe da ake kira yoga, kafin soja su karɓi mulki, turawa su tattara nasu ya nasu. Mazan Gaya sun laƙaba masa "sallar Indiya". Bibata ba ta kula su, don a ganinta wanda bai taɓa ɗaukar ciki ba bai da bakin magana. Ita dai ta ga yana sauƙaƙa ciwon baya, yana koya wa mace numfashi tun kafin ranar naƙuda.

In an gama, sai ta bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Ta danna ƙafar kowace da babban yatsa ta ga ko akwai kumburi, ta tambayi barci da ciwon kai, ta haɗa da tsokana har mace ta rufe fuska. Mutum shida take yi wa haka. In ta iso tabarma ta bakwai, ta matar Cha'ibu mai kwalekwale, sai ta kau da kai ta wuce.

Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. In ta kama dole, sai dai "ke" ko "waccan". Yarinyar kuwa har ƙasa take durƙusawa ta ce, "Yaya, ina kwana," Bibata ta amsa tana duban wani wuri. Babu wadda ta ga laifinta cikin matan. Tsofaffi ma yabonta suke yi.

Amma baki ne ya yi shiru, ido bai yi ba. Bibata ta ga takalmin yarinyar ya daina shigarta. Ta ga fuska ta cika, ta ga yadda take runtse ido in ta sunkuya. Cikin fari, wata takwas. Shekara ashirin tana wannan aiki, ta san abin da wannan kumburi yake janyowa, kuma tsoro ya kama ta sosai. Sau biyu tana nufar tabarmar, sau biyu ƙafarta tana wucewa da ita.

Sai ta ja Kaltuma abokiyar aikinta gefe. "Ki ce wa matar Cha'ibu ta zo a auna mata tansiyo, a ga ko jininta ya hau."

"Ga ki ga ta, Bibata. Ki faɗa mata mana."

"Ke dai ki faɗa mata."

Kaltuma ta faɗa, ba ta ci amana ba. Sai dai saƙon da ya bi baki biyu yakan iso da sanyi. Ta faɗe shi a bakin famfo cikin hira, yarinyar ta yi murmushi ta ce za ta zo bayan kasuwa. Bibata ta aika mata zogale ta hannun Kaltuma, ta zauna tana ƙirga kwanaki.

Ranar kasuwar, tabarma ta bakwai ta wuni a naɗe. Ana kiran azahar Cha'ibu ya shigo a guje ba hula, matarsa a bayan adaidaita tana jijjiga, ta ciji harshe. Sajfam, babbar ungozomar gidan haihuwar, ta buɗe wannan kwaba ta buɗe waccan, allurar da ke tsayar da jijjiga ta ƙare. Motocin da ke kawo magani suna can jibge a Malanbil, tsallaken kogi, ga su ana hango su, gadar kan iyaka kuwa a rufe. Aka ce sai babban asibitin Dosso.

Babu wanda ya ce Bibata ta shiga ambilans, sai ganinta aka yi a ciki. Ta ɗora ƙafafun yarinyar a cinyarta, ta danna da babban yatsa. Yatsan ya nutse, ta ɗaga, ramin bai cike ba. Da ta yi haka kwana goma da suka wuce, da da kanta za ta ja ta zuwa awo.

Can a tsakiyar hanya yarinyar ta buɗe ido. Ta ja numfashi, ta riƙe, ta sake shi a hankali.

"Yaya, ina yi yadda kika koya mana. Daidai ne?"

"Daidai ne," in ji Bibata. Akwai sauran magana a bakinta, harshenta ya ƙi ɗaukarta. Kafin ta shawo kansa idon ya sake rufewa.

Likitoci sun yi iya yinsu. Suka ciro jaririya mace da rai. Uwar ba ta kai magariba ba.

Mata suka cika gidan Bibata, ta karɓi gaisuwa ido a bushe, aka yi ta cewa kai, wannan mata akwai dauriya. Ba dauriya ba ce. Baƙin ciki ne ya toshe ta har kuka ya rasa hanyar fita.

Ana gobe suna, Cha'ibu ya zo. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da ita, kansa a ƙasa.

"Inna, sunan uwarta za a mayar mata. Sai ki zaɓa mata laƙabi, tunda sunan ba zai faɗu a bakinki ba."

Bibata ta miƙa hannu, Kaltuma ta ɗora mata jaririyar. Ta daɗe tana kallon 'yar fuskar nan.

"Ba laƙabi," ta ce. "Zuwera." Ta sake faɗa da ƙarfi, har matan tsakar gida suka juyo. "Zuwera! Zuwera!" A nan kukan ya ɓarke mata.

Shekara ashirin da uku ke nan da ta haifi Zuwera, 'yar farinta da kunya ta sa ta miƙa wa kaka tun ranar yaye, kuma sai yau sunan ya fara fita daga bakinta.