Darasin Ranar Talata

Ranar Litinin, uku ga Maris, 2025, garin Zwolle ya wayi gari da yayyafi da iska mai ratsa ƙashi. Rokeya ta tuƙa kekenta zuwa ofis, ambulan ɗin nan yana cikin jakarta. Katin godiya ne ga malamarta. Tun watan jiya ta rubuta adireshi ta manna kan sarki, kullum tana manta jefawa a akwatin gidan waya.

Injiniyar ruwa ce, daga Khulna ta Bangladesh ta zo. A kamfaninsu mai kula da madatsun ruwa, babu wanda ya kai ta sanin inda ƙasa ke shan ruwa ta ɓoye. Da aka ce shugaban sashensu zai yi ritaya, kowa ita ya kalla. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya mata: dole shugaba ya iya Holanci na taro da na rahoto, wanda za a tsaya da shi gaban hukuma. Nata na sayen burodi ne da gaisuwa.

A laburare ta manna takarda tana neman malami, ta faɗi aikinta da muƙamin da take hari. Washegari wata mata ta kira ta, Marijke Terpstra. Ta ce ta bar aiki tana zaman gida, ba ta son ko sisi.

Kowace Talata da yamma Rokeya kan jingine keke a ƙofar gidan, inda ganye ya rufe rabin allon suna. Marijke kan kawo kofi da kek ɗin tuffa mai citta, ta ce girkin kakarta ne. Sai ta ajiye wayarta a tebur.

"Tashi tsaye, injiniya. Ni ce hukuma. Faɗa min yadda za ki gyara sashen. Zan ɗauki muryarki don in ji inda harshenki ke tuntuɓe."

Rokeya ta yi ta faɗa, mako bayan mako: madatsar da za a fara da ita, injinan da za a canza, wanda ke aiki a sashen da wanda ke barci. Marijke ba ta taɓa tambayar ma'anar wata kalmar aiki ba. Sau ɗaya ma ta gyara mata wani lissafi, ta yi dariya ta ce sa'a ce kawai.

Ana gab da rufe karɓar takardun neman muƙamin, Marijke ta ture kofinta gefe.

"Kin san mu 'yan ƙasar nan, ba ma shafa wa magana mai. Ba ki isa ba tukuna. Idan kika shiga bana za su yi miki dariya a zuci, kuma ba sa mantawa. Ki bari sai wani karon."

Maganar ta yi wa Rokeya zafi. Amma a shekarunta a ƙasar nan ta koyi cewa wanda ya faɗa maka magana mai ɗaci a fuska, shi ne mai ƙaunarka. Ta janye takardarta. Bayan haka Marijke ta ce ta samu wasu hidimomi, darasi ya tsaya. Aka ba wata baƙuwa muƙamin, M. Wiersma.

Da ta shiga ofis a safiyar Litinin ɗin nan, Joost abokin aikinta ya tare ta da faranti a hannu.

"Kin makara, sarauniyar laka. Sabuwar shugaba ta zo ta yi mana jawabi, ta hau sama wajen manya. Amma ta san al'ada, ta kawo kek. Kuma ki ji, matar nan kamar a cikinki ta kwana. Madatsar arewa, injinan nan biyu, duk abin da kike ta yi mana surutu a kai. Har ta san ni ne mai barci."

Ya miƙa mata yanka guda. Ta kai baki, ta tauna a hankali, ta ji tuffa da citta, ta ajiye sauran.

"Ba daɗi?"

"Da daɗi," ta ce. "Na san shi."

Ta zauna a teburinta ta rubuta takardar barin aiki, da Holanci mai tsabta, babu kuskure ko ɗaya. Ta sa hannu, ta ɗauki rigar ruwanta ta fita.

A gaban akwatin gidan waya ta ciro ambulan ɗin daga jaka, ta zare katin godiyar, ta sa takardar a madadinsa. Adireshin bai buƙaci gyara ba. Sunan miji kawai ta soke, Terpstra, ta rubuta sunan da Marijke ke amfani da shi a wurin aiki, wanda ganye ya rufe a allon ƙofa: Wiersma. Sannan ta jefa.