Tafin Hannun Baba a Sinima

Shekarata goma sha biyu lokacin da council, wato ƙaramar hukuma, suka rufe cibiyar matasan unguwarmu ta Gorton a ƙasar Turawa, suka sallame mu da tikitin sinima kyauta. Baba ya kai ni wata Asabar bayan azahar, bai tambayi wane fim ne ba. Sai da aka fara sassaƙa jirgi ya gane Annabi Nuhu aka yi wa fuska.

Ya dafe idanuna da tafin hannunsa. Hannun yana warin bilic na wanke-wanke, don ofisoshi yake gogewa in ya fito daga karatu a jami'a. Haka ya ja ni waje muna take ƙafafun mutane.

A bakin titi ya durƙusa. "Uwata, kin gan shi?"

Wata yarinya ta taɓa ce mini duk wanda ya kalli fuskar annabi makancewa yake. Na runtse ido ina jira.

"Na gani, Baba. Wani Bature ne, sai faɗa yake."

Ina jin numfashinsa. "To ba shi ba ne. Buɗe idonki, ga bas."

Sai da na haihu na koma makaranta, na ga malamai kala-kala. Babu wanda ya cire mini tsoro da magana ɗaya kamarsa.