Ƙofa Ɗaya

Iska ta juya kafin ya gama kunna ciyawar, wuta ta rufe bayansa. Haka suke farautar gafiya a dajin bayan Sintali: a kewaye fili da wuta, a bar ƙofa ɗaya, maza su tsaya can cikin hayaƙi da kulake.

Ya buɗe baki zai kira ƙannensa, hayaƙi ya shaƙe masa murya. Ya durƙusa ya shiga rarrafe, gafiyoyi suna wuce shi a guje, duk sun nufi ƙofar.

Yana dab da ita ya jiyo ƙanensa mai bi masa yana tuna wa sauran abin da shi da kansa ya koya musu da safe: "Yaya ya ce kada a tsaya dubawa. Duk abin da ya fito, a rafke shi."