Uwar Baftisma

"Musulma ba ta zama uwar baftisma," in ji mompera, limamin Katolika da ya zo Madawa.

Tsohuwar ta gyara goyon jaririn. Tun daga Galma ta tako a ƙasa, gari duka na zaginta: maraya ya faɗo hannunta, maimakon ta musuluntar da shi, za ta kai wa Nasara. Amma uwarsa, baƙuwa 'yar Togo, abin da ta roƙe ta ke nan tana bakin mutuwa.

"Sa wadda kake so ta amsa sunan," in ji tsohuwar. "Goyon dai nawa ne. Zuba mishi ruwan."

Aka zuba. Ta fita, ta yi alwala, ta tada sallar azahar da shi a bayanta, jiƙaƙƙen kansa kwance a wuyanta.