Tsohuwar Masaukin Girka

Tun da jirgin ruwan da Mainasara ke wa aiki ya bar shi da zazzaɓi a gaɓar Girka, ba shi da abokin hira sai tsohuwar Baturiya mai ɗan masaukin da ya sauka. In ta kawo miya, sai ya yi ta zuba mata Hausa: Boɗinga, gonar albasa, innarsa da ba ta san yana raye ba. Ai ba ji take yi ba.

Ranar tafiyarsa, tsohuwar ta riƙe hannunsa.

"Ka gaida Inna, ɗana."

Ya daskare. "Kina jin Hausa?"

"A garin Shagari munka zauna da marigayi mijina, muna sayen fata. Tsoro nika ji in na amsa ka yi shiru."